Yadda ake gyara maƙalar Wikipedia a kan wanda aka yanke wa hukunci daga baya kotu ta soke

Ranar da kotu ta ɗaure mutum, labari kan cika gari kafin la'asar. Ranar da kotun sama ta wanke shi kuwa, sau da yawa daga shi sai lauyansa sai 'yan gidansu. Wikipedia daga jaridu da littattafai take ɗibar abin da take faɗa, saboda haka wannan rashin daidaito yakan biyo ta har cikin maƙala: sakin layi biyar a kan tuhuma, layi ɗaya tal a ƙasa a kan sokewa. Aikin mai gyara shi ne ya daidaita wannan ba tare da ya mai da kansa alƙali ko lauya ba.

Misalin da za mu riƙe na gida ne. A watan Oktoban 2001 Babbar Kotun Shari'a ta Gwadabawa ta yanke wa Safiya Hussaini Tungar Tudu hukuncin jifa bisa tuhumar zina. Ranar 25 ga Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Sakkwato ta soke hukuncin ta sallame ta. Matakan da ke ƙasa za su yi maka aiki a kowace shari'a irin wannan, ta kotun Musulunci ce ko ta babbar kotun jiha, a Najeriya ko a waje.

Mataki na 1: Buɗe asusu, ka karanta kafin ka taɓa

Shiga ha.wikipedia.org ka yi rajista. Suna da kalmar sirri sun isa, amma ka haɗa da adireshin imel don ranar da ka manta kalmar. Ba dole ne ka yi amfani da sunanka na yanka ba, kuma a irin wannan batu mai zafi ya fi kyau kada ka yi, domin duk gyaran da ka yi yana nan a rubuce da sunan asusun, kowa na iya gani.

Sannan ka karanta abu uku: maƙalar kanta, shafin tattaunawarta, da tarihin gyare-gyarenta. Tarihin zai nuna maka ko an taɓa jayayya a kan jimlar da kake shirin sauyawa. Idan kai ɗan'uwan mai shari'ar ne, ko lauyansa, ko ma'aikacin ƙungiyar da ta tsaya masa, ka bayyana haka a shafin tattaunawa ka ba da shawarar gyaran a can, wani ya saka. Wanda ake biya don ya yi gyara wajibi ne ya faɗa. Yana cikin sharuɗɗan amfani da shafin.

Mataki na 2: Jera kwanakin a takarda

Ɗauki takarda ka ja layi uku: kwanan wata, abin da ya faru, da inda ka samo shi. Ka cika waɗannan: ranar kamu, ranar gurfanarwa, kotun farko da ranar hukuncinta, kowane mataki na ɗaukaka ƙara, ranar fita daga gidan yari, ranar soke hukunci, da diyya idan an biya. Gurbin da ba ka da majiyarsa ka bar shi fanko.

Wannan takarda ce za ta hana ka kurakurai biyu da suka fi yawa. Na farko haɗa shari'o'i masu kama da juna. Ana yawan cakuɗa ta Safiya da ta Amina Lawal, alhali ta Amina a Jihar Katsina aka yi: kotun Bakori ta yanke hukunci a Maris 2002, wato cikin watan da aka sallami Safiya, kotun Funtuwa ta tabbatar a Agusta, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta soke ranar 25 ga Satumba 2003. Duka biyun ranar 25 ga wata aka sallame su, kuma nan ne hannu kan zame. Na biyu ɗaukar ranar saki a matsayin ranar wankewa. Iwao Hakamada na ƙasar Japan an yanke masa hukuncin kisa a 1968, an sake shi a 2014, amma sai a Satumban 2024 kotu ta wanke shi. Wanda ya rubuta cewa an wanke shi a 2014 ya yi kuskuren shekara goma.

Mataki na 3: Gano ainihin abin da kotu ta ce

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. A bakin jama'a duk wanda ya fito "an sake shi" ne. A wurin doka kuwa hanyoyin fita sun bambanta, kuma kowace da kalmarta.

Akwai wanda kotu ta sallama kuma ta wanke. Wannan magana ta ƙare, domin sashe na 36(9) na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya hana a sake gurfanar da mutum a kan laifin da aka riga aka wanke shi, sai da umarnin kotun sama. Akwai wanda aka sallama kawai, misali saboda mai gabatar da ƙara ya daina zuwa. Shi ana iya sake kawo shi gobe. Akwai wanda aka soke hukuncinsa aka ce a sake shari'ar daga farko a gaban wani alƙali. Wannan ya koma matsayin wanda ake tuhuma, kuma sashe na 36(5) ya ce a ɗauke shi mara laifi har sai an tabbatar. Akwai wanda aka rage wa hukunci, daga kisa zuwa ɗaurin rai da rai, wanda laifin yana nan a kansa. Sannan akwai afuwa, wadda shugaban ƙasa ke yi a ƙarƙashin sashe na 175, gwamna kuma a ƙarƙashin sashe na 212. Afuwa ikon mai mulki ce, kuma ana yi wa wanda ya aikata da wanda bai aikata ba. Idan ka rubuta "an wanke shi" a inda gwamna ya yi afuwa, ka faɗi abin da wata kotu ba ta faɗa ba.

Wata shari'a da ɗaliban lauya suka sani za ta nuna maka yadda abin ke da santsi. An yanke wa Nasiru Bello hukuncin kisa a Jihar Oyo bisa fashi da makami, ya ɗaukaka ƙara, sai aka zartar da hukuncin a 1981 tun ba a saurari ƙarar ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce kisan ya saɓa wa doka, ta ba iyalinsa diyya. Abin da za ka rubuta ke nan: an kashe shi ba bisa ƙa'ida ba, ƙararsa na jiran saurare. Kotu ba ta ce bai yi fashin ba, ba ta kuma samu damar tabbatar da ya yi ba. Maƙala mai kyau za ta tsaya daidai inda kotun ta tsaya.

Bayan kalmar sai dalilin. A shari'ar Safiya, babban abin da kotun sama ta dogara da shi shi ne cewa abin da ake tuhumarta da shi ya faru kafin dokar hukunta laifuka ta Shari'a ta fara aiki a jihar, doka kuwa ba ta cin abin da ya riga ta. Sashe na 36(8) ma haka ya ce. Ɓangarenta ya kuma kawo hujjar kwantaccen ciki da aka sani a mazhabar Malikiyya, wato cikin matar da aka saki ana iya jingina shi ga tsohon mijinta ko da an daɗe da rabuwa. Ka rarrabe abin da lauya ya gabatar da abin da alƙalai suka gina hukunci a kansa, domin jarida takan haɗa su a layi ɗaya. Kuma ka guji cewa "ta tsira ne da dabarar lauya" ko "an sake ta saboda matsin lambar Turai" da bakin Wikipedia. Idan wani masani ya faɗi haka a rubuce, ka ambaci sunansa ka ce shi ya faɗa. Dalilan da kotun ta bayar daga cikin fiƙihu da dokar ƙasa suka fito, kuma haƙƙin mai karatu ne ya san haka.

Mataki na 4: Nemo majiyoyi

Kowace jimla mai nauyi tana buƙatar majiyar da aka wallafa, wadda wani zai iya zuwa ya duba. Abin da aka ji a majalisar ƙofar gida, ko saƙon WhatsApp, ko rubutun Facebook, ba sa shiga, ko da gaskiya ne. Hirar da ka yi da kanka da wani tsohon magatakardan kotu ita ma ba ta shiga, domin Wikipedia ba ta karɓar binciken da ba a buga a wani wuri ba.

Mafi ƙarfi su ne littattafan masana da mujallun jami'a da aka rubuta bayan ƙura ta lafa. A kan shari'o'in Safiya da Amina akwai kundin da Philip Ostien ya tattara a kan aiwatar da Shari'a a Arewacin Najeriya daga 1999 zuwa 2006, wanda juzu'insa na biyar ya ƙunshi bayanan zaman kotunan biyu. Hukunce-hukuncen Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya da na Kotun Ƙoli ana samunsu a jerin rahotannin NWLR (Nigerian Weekly Law Reports), littattafan da ke buga hukunce-hukuncen manyan kotuna. Sai rahotannin BBC Hausa, Daily Trust, Aminiya da makamantansu.

Abubuwan farkon shekarun 2000 da yawa ba su hau intanet ba, don haka tafiya ɗakin karatu ba makawa. A Sakkwato ka fara da Ɗakin Karatu na Abdullahi Fodiyo a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu. Idan hanya ta kai ka Kaduna akwai Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa. Ka je da takardar kwanakinka, domin ma'aikacin ba zai iya nemo maka "labarin Safiya" ba, amma idan ka ce, "Malam, don Allah jaridun makon ƙarshe na Maris 2002 nake nema," ka sauƙaƙa masa. Tsofaffin jaridu kan zo a ɗaure, gefensu ya yi ja, takardar na karyewa idan aka ja ta da ƙarfi; ka juya shafi da tafin hannu. Da ka samu labarin, kafin komai ka rubuta sunan jarida, kwanan wata, lambar shafi, kanun labarin da sunan wakilin. Mutane da yawa kan ɗauki hoton sakin layin kawai, su dawo gida su rasa ko wace rana ce.

Hattara biyu. Jaridar da aka buga lokacin shari'ar farko tana ɗauke da maganar mai gabatar da ƙara kamar tabbatacciya, don haka ta dace da nuna abin da aka yi zargi a lokacin, ba abin da ya faru ba. Takardun kotu kuma, duk da amfaninsu wajen tabbatar da kwanan wata da lafazin hukunci, kada ka tono zargi a kan mutum mai rai daga cikinsu idan wata majiya mai zaman kanta ba ta tattauna shi ba. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, duk wanda aka haifa cikin shekara 115 da suka wuce ana ɗaukarsa mai rai sai an sami majiyar rasuwarsa.

Mataki na 5: Take da jimlar farko

Yawancin masu karatu a waya suke, kuma layi biyu na farko kawai suke gani a sakamakon bincike. Idan sokewar ba ta cikin layukan nan, kamar ba a rubuta ta ba. Dubi bambancin:

"Wane ɗan fashi ne da aka yanke wa hukuncin kisa a shekara kaza."

"Wane mutum ne da babbar kotun jiha ta yanke wa hukuncin kisa bisa tuhumar fashi a shekara kaza, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin ta wanke shi a shekara kaza."

Ta biyu ta fi tsawo, amma ita ce daidai. Kalmomi irin su ɓarawo, makashi, mazinaciya, ba su da wuri a kan wanda aka soke hukuncinsa. Haka nan "bawan Allah da aka zalunta" ba shi da wuri. Ka kawo abin da ya faru, mai karatu yana da hankalinsa.

Idan mutumin ba a san shi da komai ba sai wannan shari'a, ya fi dacewa maƙalar ta zama ta shari'ar, da take irin "Shari'ar Wane", maimakon tarihin rayuwarsa. Wannan zai hana a cika ta da labarin aurensa da 'ya'yansa. Idan sunan na da rubutu iri biyu, kamar Husaini da Hussaini, ko Sakkwato da Sokoto, ka zaɓi wanda majiyoyi suka fi amfani da shi, ka yi wa ɗayan shafin turawa, wato shafin da ke kai wanda ya nemi wancan rubutun zuwa ainihin maƙalar.

Mataki na 6: Gina jikin maƙalar a shafin gwaji

Kada ka yi babban gyara kai tsaye. Buɗe ƙaramin shafi a ƙarƙashin shafin asusunka ka rubuta a can, kana adanawa bayan kowane sakin layi, domin wuta ko data na iya yankewa ka yi asarar aikin awa biyu. Ka tabbatar allon rubutun wayarka yana da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Kara da ƙara ba abu ɗaya ba ne, kuma a maƙalar shari'a kalmar za ta fito sau ashirin.

Tsarin da ya fi sauƙin bi shi ne na lokaci: asalin lamarin, kamu da bincike, shari'ar farko, ɗaukaka ƙara, hukuncin ƙarshe da dalilansa, sai abin da ya biyo baya. A sashen shari'ar farko kowace magana ka jingina ta ga mai ita: mai gabatar da ƙara ya ce, shaida na biyu ya ce, wadda ake tuhuma ta musa. Idan akwai iƙirarin da aka janye daga baya, janyewar ta zo a jimla ɗaya da iƙirarin ko wadda ke bi mata, kada a jinkirta ta zuwa ƙasa. Sashen ɗaukaka ƙara ka ba shi fili aƙalla kamar na shari'ar farko. Idan majiya ta bayyana abin da ya jawo kuskuren, ko shaidar ƙarya ce, ko iƙirarin da aka tilasta, ko kuskuren gane fuska, ko rashin lauya, ko rashin yi wa mutum bayanin tuhumar da harshen da yake ji, ka faɗe shi a sarari, domin shi ne abin da ɗalibi zai zo nema.

Mataki na 7: Sunayen da za ka bari a waje

A shari'ar Safiya akwai namijin da aka ambata, wanda ya musa aka sallame shi saboda rashin shaidu, akwai kuma jaririyar da ake magana a kanta, wadda yanzu ta girma. Maƙala ba ta rasa komai idan ta ce "mutumin da ta ambata" da "'yarta". Haka za ka yi da shaidu, da ƙananan yara, da wanda aka yi wa fyaɗe, da wanda jama'a ke zargin shi ne ainihin mai laifin alhali kotu ba ta same shi da shi ba. Wannan na ƙarshe shi ne ramin da masu kyakkyawar niyya ke faɗawa: garin wanke wani sai su ɗaure wani da alƙalaminsu. Unguwa, lambar waya da inda mutum yake zaune yanzu ba a sakawa ko kaɗan. Idan ka tarar wani ya saka, ka cire nan take, sannan ka nemi mai gudanarwa, wato editan da aka ba ikon kula da shafukan Wikipedia, ya ɓoye shi daga tarihin shafin, domin gogewa kawai ba ta fitar da shi daga can.

Wanda aka cutar a ainihin laifin, idan akwai, shi ma a ambace shi da mutunci. Soke hukunci bai goge abin da ya same shi ba.

Mataki na 8: Saka manazarta

A gyaran gani-da-ido, wato wanda ke nuna maka shafin yadda mai karatu zai gan shi, ajiye alamar rubutu a ƙarshen jimla bayan aya, ka danna maɓallin kawo majiya, ka liƙa adireshin shafin. Zai cika maka take da sunan jarida. Ka duba abin da ya cika, domin yakan bar kwanan wata ko ya saka sunan shafin a gurbin marubuci. Jaridar takarda da littafi da hannu za ka cika, kuma lambar shafi dole ce. A gyaran masomi, wato inda kake rubuta alamomin tsara shafin da hannu, majiya na shiga tsakanin <ref> da </ref>. Idan ka manta rufewa, duk rubutun da ke ƙasa zai iya ɓacewa ko jan gargaɗi ya fito. Majiyar da za ka maimaita ka ba ta suna sau ɗaya ka riƙa kiranta da shi. Kowane adireshin intanet ka adana kwafinsa a Wayback Machine, shafin da ke ajiye kwafin shafukan intanet, domin shafukan jaridu kan mutu.

Kada ka kwafo sakin layi daga jarida, ko da ka fassara shi kalma da kalma. Ka karanta, ka rufe, ka rubuta da bakinka. Lafazin hukunci ne kaɗai ya cancanci a ɗauko shi yadda yake, gajere, cikin alamar zance. Idan daga maƙalar Turanci kake fassarowa da na'urar fassara ta Wikipedia, ka bi kalmomin doka ɗaya bayan ɗaya, domin na'urar takan mai da sallama, wankewa da afuwa duk "saki". Hoto kuma sai wanda ka ɗauka da kanka ko mai lasisin kyauta. Na jarida za a goge shi daga Wikimedia Commons, ma'ajiyar hotunan da Wikipedia ke amfani da su. Hoton ginin kotu, bayan ka nemi izini, ya fi hoton mutum sanye da ankwa.

Mataki na 9: Wallafa, da abin da za ka yi idan an mayar

Ka kwaso aikin daga shafin gwaji sashe-sashe, kowane da taƙaitaccen bayani a gurbinsa, misali "na ƙara hukuncin ɗaukaka ƙara na 2002 da majiya". Gyara guda mai girma ba bayani shi ne aka fi saurin mayarwa.

Idan wani ya mayar, kada ka sake dawo da shi. A Wikipedia ta Turanci wanda ya mayar da gyara fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24 ana iya dakatar da shi, kuma ja-in-ja irin wannan ba a sonta ko'ina. Ka je shafin tattaunawa ka rubuta kamar haka: "Salamu alaikum Malam. Na ga ka mayar da gyaran da na yi a jimlar farko. Dalilina shi ne kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ga majiya biyu. Me kake gani?" Ka sa hannu da alamar ~ guda huɗu a jere. Abu ɗaya ne wannan ƙa'ida ba ta shafa ba: zargi mara majiya a kan mai rai ana cire shi ba jira.

Bayan an wallafa, danna tauraron da ke saman shafin don ya shiga jerin waɗanda kake sa wa ido. Sannan ka buɗe jerin shafukan da suka haɗu da wannan, ka duba ko maƙalar garin, ko ta alƙalin, ko ta shekarar, har yanzu tana kiran mutumin da tsohon laifin. Ka leƙa rukunonin da ke ƙasan maƙalar ka cire shi daga na masu laifi, ka kuma gyara gajeren bayaninsa a Wikidata (rumbun bayanan da ke haɗe da Wikipedia), wanda shi ne ke fitowa a ƙarƙashin suna idan an yi bincike a waya. Idan shari'ar ba ta ƙare ba, misali gwamnati ta wuce Kotun Ƙoli, ka rubuta matsayin da ake ciki tare da wata da shekara, ka sa wa kanka ranar da za ka dawo ka duba.